Zuma Mai Kashe Ƙwayoyin Cuta: Yadda Awo Ya Mai da Ita Haja Mai Tsada

A cikin shekara ta 2020, ƙasar Niyu Zilan ta sayar wa ƙasashen waje zuma ta fiye da dala miliyan 500 na kuɗin ƙasar, kuma mafi yawan wannan kuɗi ya fito ne daga irin zuma guda ɗaya tak, wadda ake kira manuka. Shekaru arba'in kafin wannan lokaci, masu kiwon ƙudan zuma na ƙasar ba su ɗauki wannan zuma a bakin komai ba, domin duhunta da kaurinta da ɗan ɗacin da ke gare ta sun sa ba ta da kasuwa, har ma wasu kan bar wa ƙudan ita su ci a lokacin sanyi. Abin da ya sauya al'amarin shi ne bincike da awo: masana sun tabbatar da cewa tana kashe ƙwayoyin cuta, sun gano dalili, sa'an nan aka fito da hanyar rubuta ƙarfinta da lamba a jikin kwalba.

Wannan labari ya shafi duk mai sayen zuma ko sayar da ita, musamman ganin yadda kalmar "magani" ta zama abin tallar kusan kowace kwalba a kasuwa.

Daɗaɗɗen magani

Yin magani da zuma ba sabon abu ba ne ga ɗan Adam. Rubuce-rubucen likitanci na tsohuwar Masar, waɗanda suka haura shekara 3,500, sun nuna cewa ana haɗa zuma da kitse da zare a ɗaure rauni. Likitocin Girka da na Indiya da na Sin duk sun yi aiki da ita. A wajen Musulmi kuwa, Alƙur'ani mai girma ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, kuma tana da babban matsayi a littattafan magungunan Musulunci.

Likitocin zamani sun yi watsi da ita ne daga shekarun 1940, lokacin da fanisilin da sauran magungunan antibayotik suka bazu. To amma yawan amfani da waɗannan magunguna barkatai ya sa ƙwayoyin cuta da dama sun daina jin su. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya da ba sa jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Wannan matsala ce ta sa asibitoci suka sake waiwayar zuma, musamman wajen kula da rauni.

Yadda zuma ke kashe ƙwayoyin cuta

Masana sun gano hanyoyi da dama da zuma ke bi wajen hana bakteriya rayuwa. Ta farko ita ce yawan sukari da ƙarancin ruwa. Kimanin kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, ruwan da ke cikinta kuwa bai cika wuce kashi 17 zuwa 18 ba. Ƙwayar cuta na buƙatar ruwa kafin ta hayayyafa, saboda haka idan ta faɗa cikin zuma sai sukarin ya zuƙe ruwan jikinta ta bushe. Dalilin ke nan da ya sa nunanniyar zuma ke shekaru ba ta lalace ba, ita kuwa wadda aka yi wa algus da ruwa takan yi tsami ta yi kumfa.

Ta biyu ita ce tsami. Ko da yake harshe ba ya jin sa saboda zaƙi, zuma na da tsamin da ya kai 3.2 zuwa 4.5 a ma'aunin da masana ke kira pH, alhali yawancin ƙwayoyin da ke ɓata rauni sun fi son wurin da ba shi da tsami.

Ta uku kuwa ita ce wadda ta fi muhimmanci a yawancin zumar duniya. Ƙudan zuma na zuba wani sinadari daga jikinsa cikin ruwan furen da ya kwaso. Idan zuma ta haɗu da ɗan ruwa, kamar ruwan da rauni ke fitarwa, sai wannan sinadari ya fara samar da haidurojin farokzayid, wato irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti, amma kaɗan-kaɗan, gwargwadon da ba zai ƙona nama ba. Masana a Amurka ne suka bayyana wannan a 1963. A 2010 kuma wasu masu bincike a birnin Amsterdam na ƙasar Holan suka gano ƙarin wani sinadari na garkuwar jikin ƙudan, wanda shi ma ke shiga cikin zuma yana kashe bakteriya.

Sai dai hanya ta uku na da rauni biyu. Zafi da hasken rana na lalata sinadarin da ke samar da farokzayid ɗin, don haka zumar da aka dafa ko aka shanya a rana cikin farar kwalba takan yi asarar yawancin ƙarfinta. Har ila yau, jini da ruwan jikin mutum na ɗauke da wani sinadari da ke wargaza farokzayid. A nan ne zumar manuka ta sha bamban.

Abin da ya bambanta manuka

Manuka wani ƙaramin itace ne mai fararen furanni da ke tsiro a dazuzzukan Niyu Zilan da kudu maso gabashin Ostareliya. 'Yan asalin Niyu Zilan, wato Maori, sun daɗe suna magani da ganyensa da ɓawonsa, amma ƙudan zuma irin na Turai bai isa ƙasar ba sai a 1839. Manoma Turawa sun ɗauki itacen a matsayin sarƙaƙiya, suna sare shi suna ƙonawa don buɗe makiyayar tumaki. Furensa kuma ba ya wuce mako biyu zuwa shida a shekara.

A farkon shekarun 1980, Farfesa Peter Molan na Jami'ar Waikato da ke birnin Hamilton ya fara gwada ƙarfin zuma iri-iri a kan bakteriya. A wani bincike da shi da abokan aikinsa suka buga a 1991, sun gwada samfuri 345 daga furanni iri 26. Da suka zuba sinadarin da ke kawar da farokzayid, sai kusan dukkan zumar ta rasa ƙarfinta, amma samfurori da dama na manuka suka ci gaba da kashe ƙwayoyin. Wannan ya nuna akwai wani abu dabam a cikinta, wanda zafi da ruwan jiki ba sa saurin lalatawa.

An ɗauki shekaru ba a san ko mene ne wannan abu ba. Sai a 2008 ne rukunin Farfesa Thomas Henle na Jami'ar Fasaha ta Dresden a Jamus ya buga sakamakon da ya nuna cewa wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa da MGO. Zuma ta yau da kullum na ɗauke da miligiram 1 zuwa 10 ne kawai na wannan sinadari a kowane kilo, amma a manuka sun sami har fiye da miligiram 700. Daga baya masana a Waikato suka gano cewa MGO na samuwa ne sannu a hankali, bayan an ɗebi zumar, daga wani sinadari da ke cikin ruwan furen itacen. Shi ya sa masu sana'ar kan ajiye ta wani lokaci kafin su kai kasuwa.

Lamba a jikin kwalba

Tun kafin a gano MGO, 'yan kasuwar Niyu Zilan sun fahimci cewa ba za a biya su kuɗi mai yawa a kan magana kawai ba. A ƙarshen shekarun 1990 suka kafa ƙungiya, suka kuma fito da ma'auni mai suna UMF. Asalin ma'aunin shi ne a kwatanta ƙarfin zuma da na fenol, wani sanannen sinadarin kashe ƙwayoyin cuta: zumar da aka ba lamba 10 tana aiki kamar ruwan da ke da kashi 10 cikin 100 na fenol. Bayan gano MGO sai aka daidaita ma'aunan biyu. Lamba 5 ta UMF na daidai da kimanin miligiram 83 na MGO a kilo, lamba 10 kimanin 263, lamba 15 kimanin 514, lamba 20 kuwa kimanin 829.

Gwargwadon hawan lamba, gwargwadon tashin farashi. Ta haka zumar da a da ake bai wa ƙudan ta zama abin da ake sayarwa a manyan kantunan Landan da Shanghai da Dubai a farashin da ya ninka na sauran zuma sau da yawa. Manoman da suka sare itacen suka koma dasa shi, ana ɗaukar amya da jirgi mai saukar ungulu zuwa tsaunukan da mota ba ta zuwa, kuma satar amya ta zama laifin da 'yan sanda ke fama da shi.

Abin da likitoci suka tabbatar

Ya kamata a rarrabe tsakanin abin da aka gani a ɗakin gwaje-gwaje da abin da aka tabbatar a jikin majiyyaci. A ɗakin gwaji, zuma na kashe bakteriya iri-iri, har da wadda ake kira MRSA, wadda ta gagari magunguna da yawa a asibitoci. A jikin mutum kuwa, hujjar ta fi ƙarfi a fanni biyu: rauni da tari.

Ɗaya daga cikin rahotannin farko da suka jawo hankalin likitocin duniya daga Nijeriya ya fito. A 1988, wani likitan tiyata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Kalaba, Dokta Spencer Efem, ya buga sakamakon aikinsa a mujallar likitocin tiyata ta Birtaniya. Ya yi amfani da zuma wadda ba a sarrafa ba a kan majiyyata 59 masu raunuka da gyambo, waɗanda kashi 80 cikin 100 nasu sun ƙi warkewa da magungunan da aka saba. Mutum 58 sun sami sauƙi ƙwarai: warin ciwon ya ɗauke, ruɓaɓɓen nama ya fita, sabo ya tsiro. Mutum ɗaya da bai sami sauƙi ba, an gano daga baya cewa gyambon Buruli ne ke damunsa.

A 2015, ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, ta tattara gwaje-gwaje 26 da suka ƙunshi mutum 3,011. Ta sami hujja mai ƙarfi cewa ƙunar da ba ta ratsa fata gaba ɗaya ba takan warke da kwana huɗu zuwa biyar kafin wadda aka ɗaure da wasu kayan ɗauri na al'ada. Ta kuma sami hujja matsakaiciya cewa raunin tiyata da ya ruru ya fi saurin warkewa da zuma bisa ga wankewa da maganin kashe ƙwayoyi da ɗaurin bandeji. Amma game da tsohon gyambon ƙafa da na masu ciwon sukari, hujjar ba ta da ƙarfi. Wani gwaji da aka yi a Niyu Zilan kanta a kan majiyyata 368 masu gyambon jijiyar ƙafa, wanda aka buga a 2008, bai sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin waɗanda aka ɗaure wa manuka da sauran.

Game da tari, bitar Cochrane ta 2018 ta nuna cewa zuma na iya rage tarin yara fiye da a bar su ba magani. A kan irin wannan hujja ne hukumomin lafiya na Ingila suka shawarci jama'a da su fara gwada zuma idan tarin mura ya kama su, maimakon neman antibayotik. Abin lura a nan shi ne wannan shawara ba ta keɓe manuka ba. Zuma mai kyau ta kowane fure na yin wannan aiki.

Babu wata hujja ta likitanci da ta tabbatar da cewa shan zuma, kowace iri ce, na warkar da sankara ko ciwon sukari ko hawan jini. Hasali ma mai ciwon sukari wajibi ne ya lissafa ta cikin sukarin da yake sha.

Zumar asibiti da ta kanti

Zumar da asibitoci ke amfani da ita ba irin ta kanti ba ce. Ana tace ta, a auna ƙarfinta, sa'an nan a haska ta da hasken gama, wanda ke kashe duk wata ƙwaya da ke ɓoye ba tare da zafin da zai lalata sinadaranta ba. Hukumar kula da magunguna ta Ostareliya ta amince da irin wannan zuma mai suna Medihoney a 1999, takwararta ta Amurka kuma ta amince da kayan ɗaurin rauni na wannan suna a 2007.

Dalilin wannan tsauri shi ne ɗanyar zuma na iya ɗauke da irin wata ƙwaya mai haddasa cutar botulizim, wadda ke shanye jijiyoyi. Hanjin babba na iya kawar da ita, amma na jariri ba ya iyawa. Saboda haka likitoci a duk duniya sun hana ba jaririn da bai kai wata 12 ba zuma, ko da ɗanɗano ne. Wannan gargaɗi na da muhimmanci a wuraren da ake da al'adar lasa wa jarirai zuma. Kazalika babbar ƙuna da rauni mai zurfi da ciwon ƙafar mai ciwon sukari, duk aikin asibiti ne.

Algus da shari'a

Inda duk haja ta yi tsada, sai masu ha'inci sun shigo. A 2013, alƙaluman da ƙungiyar masu zumar manuka ta bayar sun nuna cewa Niyu Zilan na samar da kimanin tan 1,700 a shekara, amma abin da ake sayarwa a duniya da sunan manuka ya kai tan 10,000, kuma Birtaniya kaɗai na sayen tan 1,800. Wannan abin kunya ya tilasta wa gwamnati shiga tsakani. Daga watan Fabrairu na 2018, duk zumar da za a fitar daga ƙasar da sunan manuka sai an gwada ta an sami sinadarai huɗu da aka ƙayyade, tare da shaidar ƙwayar halitta ta ƙurar furen itacen.

Rikici ya kuma ɓarke a kan sunan kansa. Masu sana'ar a Niyu Zilan sun nemi mallakar sunan manuka su kaɗai, bisa hujjar cewa kalmar Maori ce, amma takwarorinsu na Ostareliya suka ƙalubalance su da cewa itacen na tsiro a ƙasarsu ma. Ofishin rajistar tambarin kasuwanci na Birtaniya ya ƙi amincewa da buƙatar a Disamba 2021, na Niyu Zilan ma ya ƙi a Mayu 2023.

Bugu da ƙari, rububin shiga sana'ar ya jawo cunkoso. Yawan amya a ƙasar ya haura 900,000 a 2019, sai kaya suka yi yawa, farashi ya faɗi, masu kiwo da dama suka bar sana'ar, yawan amyar kuma ya ragu sosai a shekarun da suka biyo baya.

Algus bai tsaya kan manuka ba. Wani rahoto da Tarayyar Turai ta fitar a 2023 ya ce daga cikin kaya 320 na zumar da aka shigo da ita daga ƙasashe daban-daban, ana zargin 147, wato kashi 46 cikin 100, da gauraye da ruwan sukari.

Darasi ga 'yan kasuwa

Zumar da Dokta Efem ya yi aiki da ita a Kalaba ba manuka ba ce, kuma ta yi aiki. Haka nan zumar Sidir ta ƙasar Yaman, wadda ke cikin mafi tsada a kasuwannin Larabawa, ana samun ta ne daga furen itacen da Hausawa ke kira kurna, wanda ke tsiro a arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Saboda haka abin da ya raba zumar da ake sayarwa a galan a bakin hanya da wadda ake rububi a kantunan ƙetare, mafi yawansa shi ne yadda aka ɗebe ta, da yadda aka adana ta, da takardar da ke shaidar abin da ke cikinta.

Ƙa'idar abinci ta duniya ta Codex ta ƙayyade cewa ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Ta kuma sa iyaka ga wani sinadari mai suna HMF, wanda yawansa ke tona asirin zumar da ta sha zafi ko ta daɗe: miligiram 40 a kilo, ko 80 ga zumar ƙasashe masu zafi. Tarayyar Turai kuma ba ta karɓar zuma sai daga ƙasar da ke da amintaccen tsarin binciken ragowar magunguna da maganin ƙwari. Ɗibar zuma da wuta, da dafa saƙa don a raba ta da kaki, da matse ta tare da 'ya'yan ƙudan, da yankan saƙar da ba ta nuna ba, duk suna ɓata waɗannan ma'aunai, suna kuma kashe sinadarin da ke ba zumar ƙarfin magani.

A Nijeriya, zumar da aka ƙunsa don sayarwa na ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma doka ba ta yarda a rubuta wa abinci cewa yana warkar da cuta ba tare da izini ba. Ga mai saye kuwa, gwaje-gwajen kasuwa irin su ɗiga zuma a ruwa ko kunna ashana da ita ba sa iya gano ruwan sukarin zamani. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ke iyawa.

Hanyar da masu zumar manuka suka bi a bayyane take. Sun haɗa kai da jami'a aka auna hajarsu, sun kafa ƙungiya mai ma'auni guda, sun kuma amince hukuma ta hana fitar da duk abin da bai cika sharaɗi ba. Daga binciken farko na Farfesa Molan zuwa dokar 2018, aikin ya ci kusan shekara arba'in.